Hoton da Ka Turo Mini Daga Gonar Wake

Ɗana, na ga hoton. Ka ce, "Malam, wannan rina ce ko ƙudan zuma, kuma mene ne sunansa a littafi?" To, ba rina ba ce, ba kuma ƙudan zuma ba ne. Ƙuda ne tsantsa, ɗan dangin Syrphidae, waɗanda muke kira ƙudan fure, masu tsayawa cak a iska kamar an rataye su da zare. Rawaya da baƙin da ya sa a jiki rigar aro ce don tsuntsu ya ji tsoronsa, amma ba shi da harbi ko kaɗan.

Buɗe hoton da kyau ka dubi fukafukansa. Biyu ne, ita kuwa rina da ƙudan zuma huɗu gare su. Ƙahonninsa gajeru ne, idanunsa sun kusa cinye kan gaba ɗaya. Sannan ka dubi tsakiyar fiffiken, za ka ga wata jijiya ta miƙe a tsaye, ba ta manne da kowa a ƙarshenta ba, kamar layin da aka ja da fensir aka fasa. Ita ce jijiyar ƙarya, kuma ita ce hatimin wannan dangi. Na ji daɗi da ta fito a hotonka, domin sau da yawa hasken rana yakan shafe ta.

Namiji ne ma. Idanunsa sun haɗu a saman kai. Da mace ce, da ka ga goshi a tsakaninsu. Wannan ƙa'ida tana aiki ga mafi yawansu, ba duka ba.

Inda zan tsaya da kai shi ne batun suna. Dangin nan sun kai iri 6,000 a duniya, kuma hoto ɗaya daga sama ba ya raba su. Naka ya yi kama da Ischiodon aegyptius: siririn jiki, rawayan layi a gefen ƙirji, ga shi kuma a kan wake mai darɓa, wadda ita ce abincin tsutsarsa. Amma abin da zai sa in rantse yana ƙarƙashi. Namijinsa yana da wani ɗan tsinke kamar ƙaya a gindin ƙafar baya, ganye kuwa ya rufe wurin a hotonka. Saboda haka rubuta "mai yiwuwa" a gaban sunan. Kada ka ji kunyar kalmar nan. Ni da kaina na taɓa sa wa wani ƙuda suna saboda launi kawai, sai da na ɗora shi a madubin ƙara girma na gane na yi kuskure, na bi katunan akwatin ajiyar ƙwarina ina gogewa ɗaya bayan ɗaya. Launi yana sauyawa da zafi ko sanyin da tsutsa ta girma a ciki.

Wasu suna da sauƙi. In ka ga mai kauri kamar ƙudan zuma a furen mangwaro, idanunsa da ɗige-ɗige ko zane-zane, jijiya ɗaya ta fiffike ta lanƙwashe ta yi kwari, to Eristalinus ne. Tsutsarsa ce wannan mai dogon wutsiya da kake gani a kwatami, da wutsiyar take shaƙar iska. Wasu kuwa, irin ƙananan Paragus, ko kyamarar miliyan ka saya sai an duba al'aurar namiji a madubi. Nan sunan gida kawai, wato Paragus, za ka rubuta ka ajiye alƙalami.

Gobe ka koma gonar da sassafe, kafin rana ta gasa su su fara zillo. Kada inuwarka ta faɗa kan ƙudan. Ɗauki hoto uku: ɗaya daga sama fukafukai a buɗe, ɗaya daga gefe ƙafar baya ta fito, ɗaya ta fuska. Ajiye tsinken ashana kusa da furen don in san girmansa. Rubuta rana, wuri da sunan shukar. Ka kuma juya ganyen da darɓa ta taru; in ka ga wata koriyar tsutsa marar ƙafa tana lalube a cikinsu, sa ta a kwalba da ganyenta, ka rufe da ƙyalle, ka kawo mini mu jira abin da zai fito.