Amsar Goggo kan zancen "daji ba ya son ƙarfe"

Uwata,

Saƙonki ya same ni ranar Laraba bayan la'asar, ina tsakar gida ina tsince wake. Ya aiki, ya ƙoƙari? Allah ya yi miki albarka.

Kin ce kin baro ɗakin bincikenki kin zo Gombe neman matan da za su yarda a yanko ɗan naman ƙarin da ke jikinsu a auna, don aikin digirinki na uku a kan ƙwayoyin dajin da ke tsira bayan an yi musu gashi, wato an haska su da haske mai ƙarfi na asibiti don a kashe su, sai kika ga suna zamewa ɗaya bayan ɗaya. Shi ne kike tambayata daga ina muka samo zancen daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, kuma me ya sa dangi ke jan likita gefe su roƙe shi kada ya faɗa wa mai ciwo. Har kika ce, al'ada ce ko addini? Na ji haushi a muryarki. Ajiye shi tukuna.

Na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin jinya, tun Gombe tana cikin Jihar Bauchi, kafin a yanke ta a 1996. Abin da na gani shi zan faɗa miki.

Da farko ki san kalmar daji a bakin kakanninki ta fi taki faɗi. Ƙurjin da ya ƙi warkewa daji ne. Ƙafar da ta kumbura ta yi ja tana zafi daji ne. Nonon mai jego da ya yi ruwa, shi ma daji ne. Irin waɗannan kuwa da yawa sukan fashe su warke da kansu, ko wanzami ya yi sakiya mugunya ta fita. Mai magani ya ba da jiƙo da na shafawa, aka warke, gari ya ɗauka wane yana maganin daji. Bai yi ƙarya da gangan ba. Shi dai bai taɓa duba nama a madubin likita ba, balle ya raba wannan da wancan.

To na gaskiyar fa, wanda ke kike nazari? Shi ba ya zafi da fari. Mace za ta ji ɗan ƙullutu kamar gyaɗa a nono, ta yi shiru. Ya kai ƙwan zabo, ta faɗa wa yayarta. A yi jiƙe-jiƙe shekara guda, a tafi Dukku, a dawo a tafi Kumo, a sayar da tunkiya. Sai ya fashe yana wari, ya riga ya kai hammata da huhu, sannan a ɗauko ta a kawo mana. Likita ya yi abin da zai iya, bayan wata biyu ta cika. Me mutanen unguwa suka gani? Sun ga ta yi shekara biyu tana yawo da ƙafarta, aka sa mata wuƙa ta tafi. Ke da kike aikin bincike, ai kin san yadda abu biyu ke biyo juna a ɗauka ɗaya ne ya haifi ɗaya. Ido ne ya gani, lissafin ne ya karkace. Wadda aka cire wa tun yana ƙarami kuma ba ta shela, tana gidanta tana daka, ba wanda ya san an taɓa yi mata aiki. Saboda haka gawa kawai gari ke ƙirgawa.

Sunan gashi ma bai taimake ku ba. Bahaushe ya ji gashi, tsire yake gani a bakin wuta, ko ya ɗauka gashin ƙashi ne irin na mai shanyewar jiki. Ki riƙa gaya musu dalla-dalla: za ta kwanta ne minti kaɗan, ba za ta ji zafi ko ɗumi ba a lokacin, za a yi ta yi kwana biyar a mako har makonni, fatar wurin takan yi duhu ta yi raɗaɗi daga baya. Wadda aka haska daga waje ba ta tafiya gida da komai, ta goya jikanta, ta ci tuwo kwano ɗaya da kowa. Na ga matar da aka ware wa kofi da tabarma bayan ta dawo daga gashi a asibitin Shika da ke Zariya, wannan ya fi ciwon karya ta.

Tsoron kuma ba na mutanenmu kaɗai ba ne, kuma ba na banza ba ne. Mari Kuri da ta gano rediyam, sinadari mai fitar da irin wannan hasken, tare da mijinta a 1898, wadda hotonta ke manne a ɗakinki tun kina sakandare, ciwon ƙarancin jini ne ya kashe ta a 1934, bayan shekarun da ta yi tana taɓa abin ba kariya. Wuta ce ta gaske. Awo da lissafi ne suka mayar da ita magani.

Batun ɓoyewa. Ba addini ba ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma mai shirin barin duniya yana da bashi da wasiyya da neman yafiya, ta yaya zai yi in an rufe masa? Abin da ke ciki kara ce da kunya da tausayi. Ba ma kiran mugun abu da sunansa, sai mu ce "ciwon nan", "lalurar nan". Ba ma jefa wa mutum labari kamar dutse. Ko rasuwa ce, sai a ce jiki ya yi tsanani, a zo gida. Wannan ɓangaren ina so ki riƙe shi. Na ga yara likitoci sun tsaya a kan gado sun karanto sakamako da Turanci kamar masu kiran sunan 'yan aji, ban ga wayewa a ciki ba. A zaunar da mutum, a kira wanda ya yarda da shi, a faɗa kaɗan-kaɗan, a bar masa ƙofar fata.

Amma tausayin da zai sa a yanke wa mace shawara a zaure ita tana ɗaki ba ta sani ba, wannan na daina kare shi. Kakarki da kika ci sunanta, mu muka ɓoye mata. Ni da nake ma'aikaciya na fi kowa laifi. Ana saura kwana kaɗan ta kama hannuna ta ce, "Kun gama wahalar da kanku? Ai na daɗe da sani." Ita tana ɓoye mana ta sani, mu muna ɓoye mata. Wata huɗu muka ɓata da za mu yi hira ta gaskiya.

Wani abu da kika yi mini bayani da Sallah ya tsaya mini a rai. Kin ce ƙari in ya girma, jijiyoyin jini ba sa isar tsakiyarsa, ƙwayoyin can ciki su rasa iskar oksijin, kuma irinsu sun fi taurin kai, sai an ninka musu hasken sau biyu ko uku kafin su mutu kamar na baki-baki. Kin ce wani Bature mai suna Gray, wanda ake auna yawan gashin da sunansa, ya yi aiki a kan haka da abokin aikinsa tun 1955. To wa ya ba ƙarin lokacin girma har cikinsa ya toshe? Kunyar nan ce da shekarar jiƙe-jiƙen. Abin da kike leƙawa a madubi, a ɗakin mata aka rene shi. Don haka kada ki ɗauki zaman da za ki yi da su a matsayin ɓata lokacin bincike.

Ga yadda za ki shiga. Ki fara da sallama wurin maigida ko uwar miji, ki gaisa sosai, kada ki fito da takarda a zuwan farko. Amma amincewar da za ki rubuta ta mai jikin ce, ku biyu, da Hausa ko Fulatanci, ta san me za a ɗiba, ina za a kai, kuma ko ta ƙi za a ci gaba da duba ta. Ki tuna Henriyeta Laks, baƙar fatar Amurka mai dajin bakin mahaifa, da aka ɗebi namanta a 1951 ba a tambaye ta ba. Ƙwayoyinta na nan a ɗakunan bincike har yau, 'ya'yanta ba su ji labari ba sai bayan shekara ashirin da wani abu. Nan kusa ma, gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 bai fita daga zukatan mutane ba. In wata ta yi miki kallon zargi, tana da inda ta gado shi.

Matan Islamiyyarmu na Jekadafari suna ta tambayata a kan rigakafin dajin bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 tun 2023, wasu sun ji an ce yana hana haihuwa. Na ce musu 'yar ƙanena za ta zo. Asabar bayan azahar muke zama. Ki sa babban mayafi, ki bar kwamfutar a gida, kuma ki taho mini da tabarau na da na manta a motar babanki.

Goggonki