Amsa ga uwar da za a tace wa ɗanta ƙwayoyin jini

Assalamu alaikum 'yar'uwa, Allah ya ba yaronki lafiya. Kin tambaya ko jikin yaro mai kilo 10 zai jure na'urar da ke tace ƙwayoyin da ke haifar da jini domin a adana su a mayar masa bayan an ba shi kemo, wato maganin kansa mai ƙarfi, kuma wannan fargabar ce ta hana ni barci sa'ad da aka yi wa 'yata a Indiya saboda nurobilastoma, wata kansa da ta fi kama ƙananan yara.

Zai jure da yardar Allah. Jinin yaro kamar naki bai wuce mililita 800 ba, shi ya sa ake fara cika bututun na'urar da jinin da ya dace da nasa, don kada ta janye masa da yawa lokaci guda. Ki tabbatar an tanadi wannan jinin tun kafin ranar. Allurar G-CSF da ake yi kwanaki kafin nan don ta fito da ƙwayoyin daga ɓargon ƙashi zuwa cikin jini tana sa ciwon ƙashi, saboda haka kada ki tsorata idan ya ƙi taka ƙasa.

Abin da nake roƙonki shi ne kada ki ɗauke ido daga kansa. Sitiret ɗin da ke hana jini daskarewa a cikin na'urar yana rage kalshiyam, kuma babba zai iya cewa leɓɓansa sun mutu, amma ƙaramin yaro kuka kawai ya iya. 'Yata ta canza kuka, ta yi amai, yatsunta suka ƙage, na kira ma'aikaciyar jinya ta ce mini rigima ce, ba ta ko ɗago kai ba. Tafintan da dillali ya yi mana alkawari kuwa tun safe ya ɓace, ga ni da Turancin da bai taka kara ya karya ba. Sai da na daka tsawa likita ya shigo, ya rage gudun na'urar, ya ƙara mata kalshiyam. Har yau idan na tuna matar nan raina yana ɓaci.

Ki tafi da bargo, domin yara suna jin sanyi a kan na'urar, kuma aikin yana cin sa'o'i. Idan a matsematsi aka sa masa bututun da ke shiga jijiya, sai kin yi ta lallashi kada ya naɗe ƙafa. Ki kuma tambayi adadin CD34 da aka samu, wato yawan ƙwayoyin nan masu haifar da jini da aka tace, domin ana neman aƙalla miliyan 2 a kowane kilo, idan bai kai ba za a sake zama washegari. Ki sa su rubuta miki kuɗin zama na biyu da na ajiyar ƙwayoyin a daskare tun yanzu, domin mu ba a faɗa mana ba sai da takardar biya ta zo.