Ƙwarya ta bi ƙwarya: tsohon makirufo da sabon rediyon magana

Wani mai gyaran rediyo ya rubuto yana cewa an kawo masa tsohon makirufo ƙirar Astatic D-104, mai shi yana so a haɗa masa da sabon rediyonsa na aika magana. Ya haɗa, sai murya ta fito siririya kamar daga cikin gwangwani. Abokin aikinsa ya ce masa, "ƙwarya ta bi ƙwarya." Mai kayan kuma ya dage cewa "da tsohuwar zuma ake magani." Yana tambaya: Malam, wane karin magana ne ya dace a nan? Sannan abin nan makirufo ne sunansa ko lasifika?

Bari mu sallami suna tukuna. Duka biyun aro ne daga Turanci, harshe ya gyara su daidai bakinsa. Hausa ba ta son baƙaƙe su cunkushe ba wasali a tsakani, kuma tana mayar da "p" ta zama "f", shi ya sa "loudspeaker" ta koma la-si-fi-ka. A asali lasifika ita ce mai fitar da murya, makirufo kuma mai ɗaukar ta. Amma a wurin wa'azi ko taron biki za ka ji an ce "a miƙa masa lasifika," alhali makirufo ake nufi. Wannan ba laifi ba ne a bakin jama'a, sunan abu ɗaya ne ya rufe kayan gaba ɗaya. A teburin gyara dai dole a raba su. Amsa-kuwwa kuwa tamu ce ta gida: kuwwa ihu ne, amsa-kuwwa kuma muryar da dutse ko kogo ke maido maka, daga baya aka ɗora wa lasifika sunan. Ba a kiran makirufo da shi.

Cikakken karin maganar farko shi ne: ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe. A lura "ta" biyun ba ɗaya ba ne. Ta farko gajeriya ce, muryarta ƙasa, shawara ce: ya kamata ta bi. Ta biyu doguwa ce, muryarta sama, irin wadda ke zuwa bayan "in". Ƙwarya ɓawon duma ce, ba nauyi. Akushi itace ne aka sassaƙa. An fi kawo maganar a batun aure da abota, wato kowa ya nemi sa'ansa. Abokin aikin nan ya yi daidai, don ciwon makirufon nan rashin sa'a ne tsantsa.

D-104 ya fito a Amurka a 1933, zamanin rediyo mai kwalba, wato kwalaben gilashin da ke ƙara ƙarfin murya kafin zuwan tiransisto. A cikin kansa akwai ɗan ƙanƙanin gishirin Rochelle, wanda ke ba da wuta idan murya ta girgiza shi. Wutar nan ba ta da ƙarfin jan kaya, sai ta tarar da ƙofa mai tsananin turjiya, om miliyan 1 zuwa 5, kamar yadda kwalba ke da ita. (Na zaɓi kalmar turjiya ne da gangan, daga turje, yadda jaki ke kafe ƙafa ya ƙi tafiya. Abin da mita ke aunawa da om ke nan.) Yawancin sababbin rediyo kuwa an yi ƙofarsu don makirufo mai om 600. A wurin lantarki gishirin nan kamar ƙaramar kafasita yake. Mu ɗauka 1000 pF ce (pF da µF ma'aunin girman kafasita ne). Da om miliyan 4.7, kaurin murya ba ya fara zubewa sai ƙasa da 34 Hz (Hz ma'aunin sauti ne, ƙaramar lamba kauri, babba kaifi), wurin da babu magana ma. Da om 100,000, zubewar ta hauro 1,600 Hz, tsakiyar muryar mutum. Da om 600 kuwa, abin da ke tsira ɗan kaifi ne kawai, shi ne gwangwanin da mai tambaya ya ji. Ƙara murɗa maɓallin ƙarfi ba ya dawo da abin da ya zube, sai dai ya jawo gurnani.

Maganinsa ɗan tsakani ne, tiransisto irin FET mai ƙafa uku, G da D da S, kamar MPF102 ko 2N3819. Wayar da ta fito daga kan makirufo ta bi ta razista 10k (om 10,000) ta shiga ƙafar G. Daga G a sa razista 4.7M (om miliyan 4.7) zuwa ƙasa, wato wayar gama-gari da ke haɗe da bakin (-) na batir. Ƙafar D ta tafi bakin (+) na batir mai bolt 9. Daga S a sa razista 4.7k zuwa ƙasa, a ɗauki murya daga nan ta kafasita 1 µF, a bi da ita ta maɓallin murɗawa na 10k kafin rediyo. A dasa wannan a gindin makirufon, ba a bakin rediyo ba, domin doguwar waya mai yawan turjiya tana kwasar gurnanin wutar gida. Kafin a sayi komai dai a kifa gindin a duba: waɗanda aka yi daga baya, kamar mai gindi T-UG8, suna zuwa da na'urar ƙara murya da gurbin batir a ciki. Nasu laifin akasin haka ne, murya ta yi yawa har ta dagule, sai an rage daga ƙasan gindin.

Karin magana na biyu yana da ɗan abin lura a nahawu. Maganar yau da kullum ita ce "ana magani da tsohuwar zuma." Da aka jawo zumar gaba don a nanata ta, sai "ana" ta koma "ake". Ma'anarsa tsohon abu, ko tsohon mutum, yana da amfanin da sabo bai da shi. Mai kayan yana da hujja: D-104 yana ɗaga murya wajen 3,000 Hz, inda kaifin magana yake, kuma maganar rediyon nesa duk tsakanin 300 da 3,000 Hz take tafiya. Shi ya sa ake jin mai shi ko da iska ta cika da hayaniya.

Sai dai zuma ba ta lalacewa, gishiri kuwa yana lalacewa. Gishirin Rochelle yana lalacewa wajen digiri 55, zafin da motar da aka rufe a rana a watan Afrilu ke kaiwa. Laimar damina ma tana cinye shi in murfin ya tsage. Don haka a gwada kan shi kaɗai tukuna, a sa shi a amfilifaya ta jita, wadda ƙofarta ke da om miliyan 1. In ya yi shiru ko ya yi can ƙasa, ya mutu, ba ya tashi, sai a sauya masa ciki a bar masa jiki. In mita ta nuna kamar waya ta yanke, ba alamar mutuwa ba ce, haka lafiyayye ma yake nunawa. Wajen sa dalma a riƙe ƙafarsa da filaya ta shanye zafin, kada garin neman gira a rasa ido.

Karin maganar da ni zan ba mai gyara shi ne: tsohon doki sai mai shi, domin kowane tsoho da halinsa. Makirufon da ke da naɗin waya a ciki, kamar Electro-Voice 664, ba ya son wuta ta ratsa shi, rediyon Icom kuwa yana turo bolt 8 ta wayar murya. Kafasita 1 zuwa 10 µF a kan wayar ta tare ta. Mai garin gawayi, irin T-17 na soja, akasin haka ne, ba ya magana sai da wuta, kuma in garin ya dunƙule sai an ɗan ƙwanƙwasa shi. Filogin ma tarko ne. Icom da Kenwood da Yaesu duk suna da mai ƙafa 8 iri ɗaya a ido, amma murya tana ƙafa ta 1 a biyun farko, ta 8 a Yaesu. Ƙafa ta 2 maɓallin magana ce a Kenwood, a Icom kuwa wutar bolt 8 ce, in ka haɗa ta da ƙasa ka ƙone wani abu a ciki. Idan kuma murya lafiya lau take sai an danna aikawa ta dagule, iskar rediyon ce ke komowa ta waya. A naɗa wayar sau 4 ko 5 a zoben farait (baƙin zoben da ke tare iskar rediyo a waya), a sa kafasita 1000 pF a bakin filogi, a yi gwaji da razistar gwaji mai om 50 maimakon eriya, a rage murya har allurar ALC, mai nuna ko murya ta yi wa rediyo yawa, ta tsaya cikin iyakarta.

Wata mai karatu kuma ta tambayi asalin "oba-oba". Daga "over" take, kalmar da Turawa ke faɗi idan sun gama magana sun saki maɓalli, don ɗayan ya san layi nasa ne. Hausa ba ta da "v", ta mayar da ita "b", ta ninka kalmar, ta raɗa wa na'urar suna da abin da aka fi ji daga bakinta. An fi kiran ƙananan na hannu da shi, irin na 'yan sanda da masu gadi. Su ma suna turo 'yar wuta ta ramin makirufo, don haka duk tsohon da za a haɗa musu sai da kafasitar nan a tsakani.