Amsar tambayar gidan da tabo ya dawo masa

Sannunku 'yan'uwa, ina kwananku. Mama, na ji saƙonki jiya da dare, kina tambaya wai da gaske ne Isra'ilawa suna rushe gida saboda tabo kawai ya fito a bango. To eh, akwai shi, amma ba haka nan ake tashi a rushe ba. Yana cikin Littafi Mai Tsarki, Littafin Firistoci sura 14, daga aya 33 zuwa 53, kuma dokar ta ƙasar Kan'ana ce, lokacin da suka zauna a gidajen dutse.

Mai gida ne da kansa zai je wajen firist ya ce ga alama wani abu kamar cuta ya fito a gidana. To kafin ma firist ya shiga, sai ya ce a kwashe kayan gidan kaf a fito da su waje, don idan ya shiga ya yanke hukunci kayan na ciki su ma sun ƙazantu. Ni wannan wajen ya fi burge ni wallahi, ana ba mutum dama ya tsira da kayansa. Malaman Yahudawa a Mishna, wato tsohon littafinsu na dokokin addini, ma sun ce saboda tukwanen ƙasa ne, don su idan suka ƙazantu ba a tsarkake su, fasawa ake yi.

Sai firist ya duba, in tabon kore-kore ne ko ja-ja, kuma ya lotsa cikin bango, sai a rufe gidan kwana bakwai. Ya dawo ya ga ya yaɗu, to a ciro duwatsun da abin ya taɓa, a kankare cikin gidan gaba ɗaya, a kai duwatsun da ƙurar bayan gari wurin da ba shi da tsarki, a sa sababbin duwatsu a yi sabon yaɓe. Har yanzu fa ba a rushe ba.

Inda maganar take, Mama, shi ne in bayan duk wannan wahalar abin ya sake ɓullowa. Nan ne aya 43 zuwa 45 ta ce gidan ya ƙazantu, a rushe shi, duwatsu da katako da yaɓe duka a kwashe zuwa bayan gari. Kamar dai fumfunar damina, ki goge ki shafa fenti ta sake fitowa, kin san ruwan yana cikin ginin ne.

In kuma bai dawo ba, firist ya ɗauki tsuntsu biyu, itacen al'ul, jan zare da ɗaɗɗoya, ya yanka ɗaya a kasko bisa ruwa mai gudu, ya yayyafa wa gidan sau bakwai, ya saki ɗayan da rai ya tashi.

Af, wanda ya shiga gidan lokacin da yake rufe kuma ya ƙazantu har yamma, wanda ya kwana ko ya ci abinci a ciki sai ya wanke tufafinsa. Kuma a Talmud, wato littafin sharhin malaman Yahudawa, akwai masu cewa irin gidan nan ma bai taɓa faruwa ba, wasu suka ce a'a, akwai kangon da ake nunawa. Mama ki karanta surar, in akwai saura sai mu ƙarasa ranar Lahadi.