Ma'anar Kalmomi da Karin Magana: Ɗan Maƙeri a Ofis

Tambaya daga Funtuwa: Malam, mahaifina maƙeri ne, ni kuma na sami aikin banki. Baffana ya ce mini "albasa ba ta yi halin ruwa ba." Me yake nufi?

Amsa: Sukar ka yake yi. Ruwa ba shi da yaji, amma albasar da ta sha shi sai ta fito da yaji har ta sa ido hawaye. Ana faɗa wa ɗan da ya bar halin kirkin iyayensa. Hali ake nufi, ba sana'a ba. In barin maƙera kawai ka yi, baffanka ya ɗora karin maganar inda ba wurinta ba. Amma ka binciki kanka. In ka je gida, kana tuɓe takalmi ka durƙusa ka gaishe su, ko ka koma miƙa hannu a tsaye irin gaisuwar ofis?

Tambaya daga Kano: Me ya sa ake cewa mutum "bai sami aiki ba" alhali yana da shago?

Amsa: Wannan magana ta daɗe tana damuna. A Hausa noma aiki ne, jima aiki ce, dako aiki ne. Da Turawa suka zo, Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, aka riƙa yaye malaman da za su riƙe littattafan En'e, wato hukumar gargajiya, sai kalmar ta fara ƙuntata. Yau in aka ce "ma'aikaci" mai albashi ake nufi. Ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati da kwamitin Udoji ya kawo a 1974 ya ƙara ɗaga darajar mai jiran ƙarshen wata a idon jama'a. Ga inda abin ya kai mu: tela ya kwana a kan keke, ya biya wa ɗansa kuɗin jami'a, ɗan ya zo cike takarda a ofis, a tambaye shi aikin mahaifi, ya yi jim yana jin nauyi. Wasu har su rubuta "ɗan kasuwa" don su kauce wa "tela". Wannan sakaci ne da harshe, kuma rashin adalci ne ga uban. Ku ce "bai sami aikin albashi ba." Kalma ɗaya aka ƙara, magana ta daidaita.

Haka "ɗan boko". Masu cewa daga kalmar Turanci ta littafi aka aro "boko" su daina. Farfesa Paul Newman ya nuna a 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na gaske ba, kamar yadda ake cewa "amaryar boko".

Tambaya daga Zariya: Daga ina "akawu" ta fito?

Amsa: Daga Yarabanci, "akowe", wato mai rubutu. Tamu ta asali ita ce magatakarda.

Tambaya daga Gusau: Ni sabuwar ma'aikaciya ce. In ce wa shugabana "oga" ko "yallaɓai"?

Amsa: "Oga" ma ta Yarabawa ce, ta fi dacewa da tasha da gareji. Ki ce "yallaɓai" ko "ranka ya daɗe". In mace ce, "ranki ya daɗe", ba "ranka" ba, don kunnena ya gaji da jin wannan kuskure a ofisoshi.