Ƙanƙara za ta riƙe ramin, amma kada ka yi gaggawar tono

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske daskararriyar ƙasa za ta riƙe bangon rami mai zurfin mita 40 a cikin yashi mai ruwa, ko kuwa cika baki ne na 'yan kwangila. Za ta riƙe. Tun 1883 wani Bajamushe mai suna Poetsch ya yi rajistar dabarar daskarar da ƙasa da injin sanyi don ramukan ma'adinai.

Ana huda ƙasa a kewaye, tazarar kamar mita ɗaya, a zura bututun ƙarfe, a riƙa zagaya ruwan gishirin kalsiyam mai sanyin digiri 25 zuwa 35 ƙasa da sifiri. Kowane bututu sai ya yi wa kansa rigar ƙanƙara, rigunan su yi ta kauri har su haɗe su zama zobe. Makonni ake yi. Mai gaggawa yana iya sayen ruwan naitirojin, wanda ya fi ruwan gishirin sanyi nesa ba kusa ba, amma kuɗinsa sai ka riƙe baki.

Inda ake faɗuwa shi ne kafar da ba ta rufe ba a jikin zoben. Ruwan ƙasa in yana gudun da ya wuce mita biyu a rana, kwashe sanyin yake yi. Ga kuma bututu mai kaucewa: a sama suna jere lafiya, a can ƙasa sun rabu kamar 'yan uba.

A wani aiki da na yi, mun bar siririyar rijiyar gwaji a tsakiya, don in zobe ya rufe ƙanƙara kan matso ruwan ya taso. Sati shida shiru. Manaja na ta kumfar baki a fara tono, tsohon fomanmu ya ce ko shebur ba za a taɓa ba. Da aka sake awo, ashe bututu biyu sun kauce. Muka ƙara ɗaya tsakaninsu. Wata safiya na iske ruwa na tsiyaya daga bakin rijiyar, wallahi kamar an yi mini albishir.

A Shanghai, 2003, ƙanƙara ta saki a wata mahaɗa tsakanin ramukan layin jirgin ƙasa na 4, ruwa da yashi suka ɓalle, gine-ginen sama suka karkace.

Saboda haka ka tanadi janareta na biyu tun kafin a kunna injin sanyi, don in injin ya tsaya ƙanƙarar za ta fara saki. Kuma in da laka a wurin, ka riƙa auna gidajen maƙwabta kullum, don ƙasa kan kumbura yayin daskarewa, ta lotsa bayan narkewa.