Na fara sana'a tun yanzu, ko na bari sai jarumina ya yi ƙarfi?

Tambaya: Mako biyu ke nan da na fara buga wasan bidiyo na The Elder Scrolls Online, jarumina yana mataki na 9. Duk garin da na shiga sai na ga maƙera da teburin ɗinki da na sassaƙa, jakata kuma kullum cike take da tama da itace da furannin da ban san amfaninsu ba. Wani tsohon ɗan wasa ya ce min kada na ɓata lokaci, na bari sai na kai mataki na 50. Wani kuma ya ce ai na riga na makara. Wanne zan bi?

Amsa: Ɗan'uwa, ba ka makara ba, kuma kada ka jira mataki na 50. Kowane ɗaya daga cikin mutanen nan biyu ya riƙe gefe guda na gaskiya, domin abin da ake kira sana'a a wasan nan abu biyu ne aka haɗa wa suna ɗaya. Akwai wanda lokaci kawai yake ci, akwai wanda ke cin zinare da makin gwaninta, wato makin da ake buɗe wa jarumi dabaru da shi. Na farkon ka fara shi yau kafin ka kashe na'ura. Na biyun ne zai iya jira, kuma shi mutumin farko yake nufi.

Bari na fara da mai cin lokaci, domin nan ne sababbin shiga suke yin asarar da ba ta ramuwa. Makami ko sulke a wasan yakan zo da siffa ta musamman: wani takobin ya fi ratsa sulken abokin gaba, wata rigar tana ƙara maka saurin hawa mataki, wata tana rage maka zafin mugun sara. Siffofin nan guda 9 ne ga kowane irin kaya. Kafin ka iya ƙera kaya mai wata siffa, sai ka samo wanda ke ɗauke da ita, ka kai shi wurin sana'ar, ka sa shi a nazari. Kayan zai salwanta, ilimin kuma ya zauna wa jaruminka har abada.

To ga inda gizo ke saƙar. A tsarin da wasan ya daɗe a kansa tun shekarar 2014, siffar farko awa 6 take ɗauka, ta biyu 12, ta uku 24, daga nan sai kwana 2, 4, 8, 16, 32, ta tara kuma kwana 64. Idan ka haɗa ya haura kwana 127, kuma na kaya ɗaya ke nan, a ce wuƙa. Maƙera kaɗai tana da kaya iri 14, ɗinki ma 14, sassaƙa 6. Agogon nan na duniyar gaske ne. Yana tafiya ko kana barci, ko ka yi mako ba ka leƙa wasan ba, kuma ƙarfin jaruminka ba ya ƙara masa gudu. Akwai takardun da ke rage kwanakin, amma galibi saya ake yi, sabon shiga kuwa ba shi da abin sayen.

Na ga yadda wannan ke cizon mutum a ƙungiyarmu. Wani abokin wasanmu ya kai mataki na 50 bai taɓa sa ko wuƙa ɗaya a nazari ba. Ranar da ya so ya ɗinka wa kansa jerin sulken nan da ke neman siffa 6 a kowane yanki, ya je har wurin da ake ɗinka shi, ya buɗe tebur da jaka cike da fata, ya tarar komai a kulle. Muka zauna muka yi masa lissafi: siffa 6 a yanki ɗaya kusan kwana 16 ne, yanki biyar kuma, da yake gurbin nazari ɗaya gare shi, wato kaya ɗaya kawai zai iya sa wa a lokaci guda, kusan kwana 79. Watannin da ya kwashe yana yawon yaƙi sun ishi wannan aikin ya ƙare ba tare da ya ji a jikinsa ba. A ƙarshe wani ne ya ɗinka masa, kuma wannan ba abin kunya ba ne, amma na ga yadda ransa ya sosu, domin shi burinsa ya sa abin da hannunsa ya yi.

Abin da za ka yi ba ya cin minti biyar. Ƙira da ɗinki da sassaƙa kowacce da gurbin nazarinta, don haka tun yau kana iya sa abu uku a lokaci ɗaya. Buɗe jakarka, duk kayan da ka ga an yi masa alamar madubin dubawa a gefe, yana da siffar da ba ka koya ba tukuna. Kulle shi don kada ka sayar da shi cikin kuskure. Kafin ka fita daga wasa kullum, ka bi ta wuraren nan uku ka tabbata babu gurbin da ya kwana wofi. Da sanyin safiya ake kama fara.

Sai dai ka lura da abu ɗaya da mutane da yawa ba sa ganewa sai an yi nisa. Tsawon lokacin ya danganta ne da yawan siffofin da ka riga ka koya a kayan, ba ruwansa da wace siffa ce. Ma'ana, duk siffar da ka bari ta zama ta ƙarshe, ita za ta ci kwanaki mafi yawa. Don haka siffofin da za ka yi amfani da su, su za ka fara sa wa, tun suna awa 6 da 12. Ga mai hawa mataki irinka, siffar horo, wadda ke ƙara gogewar da kake samu idan ka kashe dodo, ta cancanci zama a sahun gaba. Haka kuma ka fara da irin kayan da jaruminka ke sawa. Idan mai sanda ne da tufafi marasa nauyi, babu dalilin da zai sa gatari ya riga sandarsa shiga nazari.

Abu na biyu da ba ya cin ko sisi shi ne kwance kaya. Sababbin shiga sukan ɗauka cewa ta ƙera takubba da yawa ake ƙwarewa a ƙira, sai su ƙone tamarsu a banza. A wannan wasan, kwance kayan da ka tsinta a wurin yaƙi ya fi ciyar da sana'a gaba, kuma yana mayar maka da ƙarfe da duwatsun gyara. Kwance abin da kai ka ƙera da hannunka kuwa ɗan kaɗan yake bayarwa. Saboda haka idan ka dawo daga kogo da jaka maƙil, ka ware na nazari, ka sayar da waɗanda aka yi wa alamar tsada a wurin ɗan kasuwa, sauran duk ka kwance. Ɗanyen kaya kuma, tama da itace da zare, goma-goma ake tace su, kuma a wurin tacewar ne wani lokaci ake dacewa da kayan gyara masu daraja.

Tunda ka wuce mataki na 6, ƙofar kwangilar kullum ma a buɗe take gare ka. Ka nemi Millenith a zauren mayaƙa, ita ke ba da shaidar ƙira da ɗinki da sassaƙa. Danel Telleno kuma yana zauren masu sihiri, shi ke ba da ta haɗa magani da girki da rubutun sihiri. Za ka same su a garuruwan farko irin su Daggerfall da Vulkhel Guard da Davon's Watch. Bayan ka karɓi shaida, kullum akwai allo da za ka ɗauki oda, ka ƙera 'yan kaya kaɗan, ka kai, a ba ka zinare da akwatin kayan aiki, sana'ar kuma ta ƙaru. Wani lokaci har da taswirar da ke kai ka wurin da aka tara tama ko furanni jingim. Daɗin abin shi ne odar tana bin matsayinka a sana'a, don haka muddin ba ka ɗaga shi ba, baƙin ƙarfe da itacen farko za a riƙa nema a wurinka, waɗanda suke cike da jakarka yanzu. A ganina babu hanyar samun zinare da ta kai wannan kwanciyar hankali ga sabon ɗan wasa.

Yanzu ga inda tsohon ɗan wasan nan ya yi gaskiya. Makin gwaninta a farkon wasa tsada gare shi. Kana samunsa ne idan ka hau mataki, ko ka tara gutsuren lu'ulu'un sama guda uku, ko ka kammala wasu manyan ayyuka, kuma da shi ɗin ne dai kake buɗe dabarun yaƙi. Wanda ya zuba makinsa duka a sana'o'i shida zai isa gaban babban dodo da hannu biyu babu dabara. Taura biyu ba ta taunuwa, balle shida. Idan za ka kashe maki a sana'a yanzu, ka kashe shi a baiwar da ke rage lokacin nazari, domin ita ce ke buɗe maka gurbi na biyu, daga baya na uku, a matakinta na ƙarshe kuma ta tsayar da kowane nazari a kwana 30 iyaka. Bayanta, idan da rara, ka ɗauki yaron aiki da ke aiko maka da kaya ta wasiƙa kullum. Sauran su jira. Ko ka yi kuskuren rabo ma kada ka damu, akwai hanyar da ake mayar wa mutum makinsa ya sake tsari.

Haka nan kada ka ɗaga darajar kayanka zuwa shunayya ko ruwan zinare, launukan da ke nuna kaya mafi daraja, a wannan matakin. Takobin baƙin ƙarfe da ka ƙera yau, kafin mako ya zagayo ka wuce shi, daga mataki na 16 kuma ƙarfen ma wani ne daban. Kayan da za su zauna maka su ne na makin zakara 160, wato makin da ake fara tarawa can bayan mataki na 50, domin nan ne ƙarshen hawan kaya. Duk wani dutsen gyara mai ruwan zinare da ka dace da shi, ka kai banki ka manta da shi har sai ranar. Idan kana so ka sa abin hannunka yanzu, ka ƙera shi fari ko kore da siffar horo, ka sauya shi bayan kowane mataki goma ko makamancin haka. Littattafan salon ado masu tsada ma ba yanzu ba.

Maganar jaka kuwa, ba zan ɓoye maka ba, ita ce wahalar mai sana'a a wasan nan. Da gurbi 60 ake farawa, banki ma 60. Masu biyan kuɗin wata na ESO Plus suna da jakar kayan sana'a marar iyaka, kuma wannan shi ne babban abin da ke jan mutane su biya. In ba ka biya, zinaren farko da ka samu daga kwangila ka zuba shi a faɗaɗa jaka da banki, ka kuma riƙa zuwa wurin mai dawaki kullum, inda ake ƙara wa dokinka gurbin kaya ɗaya a kan zinare 250. Shi ma wannan agogo ne mai tafiya, sai an jira tsakanin horo da horo, kuma shi ma da wuri ya kamata a fara shi. Wuraren sana'a suna ɗebo kaya kai tsaye daga banki, don haka ba sai ka riƙa yawo da tama a baya ba.

Furannin da ka ce ba ka san amfaninsu ba, na haɗa magani ne. Kowanne yana da tasiri huɗu a ɓoye. Ka ci ɗaya ka gane na farko, sauran kuma suna bayyana idan ka haɗa shi da wani da suka yi tarayya. Shi da girki su ne sana'o'in da amfaninsu ke zuwa nan take, domin abincin da ka dafa yana ƙara maka jini ko ƙarfi na rabin awa ko fiye, kuma takardun girkin a tukwane da akwatunan gidaje ake tsintarsu. Mutane na raina girki, amma sau da yawa shi ne bambancin wanda ya tsira daga yaƙi da wanda ya faɗi.

Wata shawara da nake so ka riƙe da kyau: nazari da salon ƙira na jarumi ɗaya ne, ba sa bin asusunka gaba ɗaya. Idan gobe ka buɗe jarumi na biyu, daga sifili zai fara. Don haka ka tsayar da guda ɗaya a matsayin mai sana'ar gida, kuma wanda ya fi dacewa shi ne wannan na farkon, tunda shi zai fi tara maki. Sauran su riƙa zuba masa kaya ta banki.

Idan wata rana ka koma wani wasan, ka fara da tambayar me agogo ke riƙe da shi a can, domin amsar tana sauyawa. A World of Warcraft manyan sana'o'i biyu kawai aka yarda jarumi ya riƙe, kuma sabon shiga ya fi cin riba idan ya ɗauki na tarawa, kamar haƙar tama da tsinkar ganye ko fiɗa, ya sayar a gidan gwanjo. A Final Fantasy XIV jarumi ɗaya yana iya koyon sana'o'in hannu 8 da na tarawa 3, kuma suna jingine da juna, maƙeri na neman fatar baduku, baduku na neman zaren masaƙi, shi ya sa ake hawa da su tare, kuma jinkirta su ba ya jawo asara mai yawa. A Guild Wars 2 kuwa sana'ar kanta tana ɗaga matakin jarumi. Naka wasan yana cikin waɗanda jinkiri ya fi yi wa illa, saboda nazarin nan. Yau da daddare, kafin ka fita, ka duba jakarka ka nemo makami ɗaya da riga ɗaya da garkuwa ko baka ko sanda ɗaya masu alamar madubi, ka sa su. Kafin gari ya waye awa 6 ɗin sun cika, sai ka sa na biyu.